Ƙarar da Mai Gyaran Rediyo Ya Ji

Shagonsa yana tsakanin na tela da na mai sayar da fenti. Mutum uku ba sa iya tsayuwa a ciki sai ɗaya ya bar ƙafa a waje. Bango uku duk kanta ce, kantar kuma cike take da rediyoyi da lasifikoki da talabijin da masu su suka kawo gyara suka manta, ko suka sayi sabo, ko suka mutu. Ba ya jefar da komai. Warin dalma ya kama rigunansa har matarsa ta ware masa igiyar shanya tasa shi kaɗai.

Mutanen layin suna kiransa Kunne, saboda yadda yake aiki. In aka kawo masa kaya ba ya fara ɗaukar sukudireba. Sai ya jona, ya kunna, ya ɗaga wa mai kayan hannu ya yi shiru, ya karkatar da kai gefen hagu, ya rufe ido. Can sai ya faɗi abin da ya lalace, ya ɗora yatsa a bayan murfin daidai wurin, sannan ya kwance. Yana da mitar auna wuta kamar kowane mai gyara, amma tana cikin aljihun tebur, batirinta yakan mutu bai sani ba. A hannun wani tsoho ya koyi aikin, wanda idonsa ya riga ya yi rauni, dole ta sa yake aiki da ji. Shi kuwa da ya zo koyo sai ya ɗauka haka kowa yake yi, bai gane ba sai da ya buɗe nasa shagon ya ga mutane suna tsayawa kallonsa.

Tela maƙwabcinsa ne tun suna da baƙin gashi, kuma ba sa wuni ba su taɓa juna ba.

“Kunne, zo ka saurari keken nan nawa,” in ji tela. “Tun safe yake cin zare.”

“Ina jin sa daga nan. Keke lafiyarsa ƙalau. Mai takawa ne ya tsufa.”

“Ka ji shi. Wanda bai san kalar rigar da ke jikinsa ba.”

'Ya'yansa uku. Maza biyu sun yi aure suna aiki a wasu garuruwa, sai ta ƙarshe, wadda kowa yake kira Auta har bayan ta gama karatu ta zama malamar firamare. Tana da murya. In tana koyarwa a ajinta na saman bene, mai gadin makarantar yakan ce shi ma ya kusa iya karatu daga bakin ƙofa. Da an tashi takan biyo ta shago, ta zauna a kan wata tsohuwar lasifika da ta zama kujerarta tun tana ƙarama, ta sha shayin babanta, ta ba shi labarin wanda ya ciji wani a aji.

Shi ne ya fara ji. Wata rana ta shigo ta yi sallama, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

“Gudu kika yi?”

“Wane gudu, Baba? Daga mota na sauka a bakin layi.”

“Sake magana.”

“Me zan ce?”

“Ya isa.”

Abin da ya ji shi ne tana yanka magana gida biyu, tana ɗaukar numfashi a wurin da a da ba ta ɗauka. Uwarta ba ta lura ba, ita kanta ba ta lura ba. Aka fara yawon asibiti. Aka ce asma ce, aka ce ƙarancin jini, wani ya ce gajiya ce ta rage hayaniya da yara. Duk wanda ya faɗi nasa, Kunne yakan saurare shi ya yi godiya, in sun fito ya ce wa matarsa ba shi ba ne. Sai da Auta ta faɗi a bakin famfo, leɓɓanta suka yi duhu, sannan aka tura su babban asibiti, aka yi mata awon da ya nuna abin. Tun daga nan a gidan, in ya ce ya ji abu, ba wanda yake musu.

Hawan jinin huhu aka kira shi. Likitar da ta karɓe su mace ce mai sanyin magana, ta zana musu a takarda. Jijiyoyin da suke kai jini daga zuciya zuwa huhu sun tsuke, sun yi tauri, don haka ɓangaren dama na zuciyar yana turawa da ƙarfin da ba a halicce shi da shi ba. A hankali yana gajiya. Akwai magunguna masu sassauta hanyar, in ji ta, amma ba masu warkarwa ba ne. Kunne ya dubi zanen ya ce ya gane, ƙaramin inji ne aka ɗora wa kayan babba. Likita ta ce kusan haka ne.

Auta ta bar koyarwa. Magunguna suka cika kan teburinta, aka kawo tukunyar iskar numfashi daga asibiti aka jingina a bayan ƙofar ɗaki. Ta koyi wanka a zaune. Ta koyi ajiye duk abin da take buƙata a inda hannu zai kai. Ƙafafunta sukan kumbura, uwarta ta ɗora mata su a kan matashi tana matsawa, su biyu suna kallon bango. Ba ta cika ƙorafi ba. Abin da yake damunta, in ji ta, shi ne an ba wata ajinta, kuma waccan ba ta san cewa yaron da yake zama a layin baya ba ya gani sosai ba.

Ana cikin haka likita ta kira su ta ce akwai wani aiki da ake gwadawa. A jikin babbar jijiyar jinin huhu, ta waje, akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu kai saƙo, waɗanda suke umartar hanyar jinin ta matse. Za a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a bi da shi ta cikin zuciya har zuwa wurin. A kan bututun akwai wani ɗan abu mai fitar da sauti, irin sautin da ya fi ƙarfin jin ɗan Adam. Sautin yakan zama zafi a daidai inda aka nufa, ya kashe waɗancan jijiyoyin, da fatan hanyar za ta saki.

Kunne ya gyara zama.

“Wato waya za ku yanke.”

“Kusan haka ne, Baba.”

“Da sauti.”

“Da sauti.”

“Kin ji,” ya ce wa 'yarsa. “Ashe sana'armu ɗaya da su.”

“Sai ka nemi aiki a nan, Baba, su ba ka farar riga. Mama ta huta da warin dalma.”

Likita ta yi murmushi, ta jira suka gama, sannan ta faɗi sauran. Ba a tabbatar aikin yana amfani ba, shi ya sa ake bincike. Rabin waɗanda suka shiga za a yi musu. Rabin kuma za a zura musu bututun har wurin, a jira, a fitar, ba tare da an yi komai ba. Kwamfuta ce take zaɓa, kuma sai mutum yana kwance a ɗakin aikin take faɗa. Za a ba shi maganin da zai sa shi gyangyaɗi, a rufe masa kunne da abin jin waƙa. Marar lafiya ba zai sani ba, iyalinsa ba za su sani ba, ita kanta likitar da za ta ci gaba da duba Auta ba za ta sani ba sai an kammala binciken gaba ɗaya. In ya tabbata yana amfani, waɗanda ba a yi wa ba su ne farkon waɗanda za a kira.

“To ina amfanin a huda yarinya a bar ta haka?” in ji uwar.

“Don mu san ko aikin ne yake kawo sauƙi, ko sa rai, Mama. Sa rai ma yana sa mutum ya ji daɗin jikinsa na ɗan lokaci. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku yi ta lissafin wane rukuni ta faɗa. Ku ci gaba da kula da ita kamar ba a yi komai ba.”

Auta ce ta ce ta yarda. Ta ce ko ba komai ta gaji da kallon bango.

Ranar aikin da safe aka tura ta a gado mai taya ta wata ƙofa mai ganye biyu. Iyayen suka zauna a kan kujerun roba a dogon baranda. Uwar tana jan carbi. Shi kuwa bai iya zama ba. Ya tashi ya je ƙarshen barandar ya dawo, ya sake zuwa, a karo na gaba sai ya tsaya a gefen ƙofar, ya jingina kafaɗa da bango kamar mai hutawa. Ya karkatar da kai hagu.

Da farko abin da ya saba ji ne a kowane ɗaki mai injuna. Fanka tana juyawa a cikin wani akwati, na'urar bugun zuciya tana ƙirgawa, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, muryoyi ƙasa-ƙasa. An daɗe a haka. Sai ya ji wata sabuwar ƙara. Ta taso daga ƙasa, ta hau, ta tsaya a wuri ɗaya tana gunji siriri, sannan ta yanke da ɗan ƙyas. Aka yi shiru. Ta sake tasowa. Ya san ba sautin aikin ba ne, an riga an ce masa wannan ba ya jiyuwa. Amma injin da yake haifar da sautin dole ya ja wuta, kuma duk rayuwarsa yana bambanta injin da aka kunna kawai da injin da yake ɗauke da kaya. Wannan yana ɗauke da kaya. Ya tsaya har ƙarar ta zo ta wuce sau da yawa, sannan ya koma ya zauna kusa da matarsa.

“An yi mata,” ya ce.

“Wa ya gaya maka?”

“Na ji.”

Ta dube shi, ta rufe fuska da gefen mayafi.

Ya yi niyyar kada ya gaya wa Auta. Ya riƙe har aka sallame ta, ya riƙe kwanaki a gida. Wata rana da yamma ya dawo daga shago ya same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta zuba wa ƙafafunta ido.

“Baba, ni ban ji wani bambanci ba. Ina ga ni ce ta banza, wadda ba a yi wa ba.”

Ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma.

“Ba ke ba ce.”

“An ce ba wanda ya sani.”

“Su suka ce. Ina bakin ƙofa. Na ji injin yana ja.”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta yi dariya, dariyar da ta ƙare da tari.

“Baba, laɓe ka yi wa likitoci?”

“Hutawa nake yi a jikin bango.”

Bayan wannan ta fara samun sauƙi, ko kuma abin da kowa ya gani ya kira sauƙi. Ta fara shara. Ta fara fita bakin layi ta dawo ba ta zauna a hanya ba. Tukunyar iska ta yi ƙura a bayan ƙofa. Wata rana sai ga ta a shago a kan tsohuwar lasifikarta, tela ya bar ɗinki ya leƙo.

“'Yata, ke ce? Na ɗauka babanki ya sayar da kujerar nan.”

“Baba tela, shi da bai taɓa sayar da ko dunƙulen waya ba?”

“Gaskiyarki. In ya mutu sai an yi hayar mota a kwashe gadonsa a kai juji.”

Kunne yana jin su, yana kuma jin numfashinta. Har yanzu tana yanka magana. Ya gaya wa kansa cewa yankan ya ragu.

Da sabon zangon karatu ya matso, Auta ta ce za ta koma aiki. Likita ta ce ba ta hana ba, amma a nema mata aji a ƙasa, ta riƙa zama tana koyarwa, in ta ji jiri ta tsaya. Shugabar makaranta ta ba ta aji a ƙasa. Sai dai ofishin malamai a sama yake, kuma tsofaffin ɗalibanta a sama suke. Uwar ba ta so komawar ba ko kaɗan.

“Malam, ka yi mata magana. An ce mu yi kamar ba a yi komai ba.”

“Ai an yi.”

“Ko an yi, gaggawar me ake?”

“Mama,” in ji Auta, “in na ci gaba da zama a ɗakin nan, ko an yi ko ba a yi ba duk ɗaya ne. Kuma Baba ya ji.”

“Ki bar ta,” ya ce.

Aka bar ta. Ta yi watanni tana zuwa. Takan dawo a gajiye, ta kwanta ba ta ci abinci ba, amma da labari a bakinta. Ta sa an mayar da yaron nan layin gaba.

A kan matattakalar bene abin ya same ta, da hantsi, tana hawa da littattafan yara a hannu. A inda matattakalar ta karya kwana ta zauna, ta ajiye littattafan a gefenta a jere. Yaran da suka wuce ta sun ɗauka takalmi take gyarawa. Kafin a kai ta asibiti ba ta magana. Kafin la'asar ta rasu.

Bayan 'yan gaisuwa sun watse, 'yan'uwanta maza sun koma wuraren aikinsu, Kunne ya buɗe shago. Bai san wani abin da zai yi ba. Yana zuwa da safe, ya share gaban shago, ya jona abin narka dalma, ya zauna. In an kawo gyara ya yi. In an yi masa gaisuwa ya amsa. Yana cin abin da aka sa masa a gaba, in aka tambaye shi me ya ci ba zai iya faɗa ba. Masu asibiti suka zo suka ɗauki tukunyar iskarsu, ta bar da'ira a kan siminti, matarsa tana share ɗakin tana zagaye da'irar. Ba su yi faɗa ba. Ba su cika magana ba. Sau ɗaya kawai, tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago kai ba, ta ce:

“Malam, da gaske ka ji?”

“Na ji.”

Ba ta sake tambaya ba. Amma tambayar ta zauna a gidan. Lissafin a wurinsa a fili yake. In an yi mata aikin, to gaskiya ya gaya mata, ta koma makaranta a kan gaskiya, ciwo ya fi ƙarfin aiki. In ba a yi ba, to da zuciyar da ba a taɓa ba ta riƙa hawa benen nan, a kan maganarsa.

Ya je wurin likita ya tambaya. Ta yi masa ta'aziyya, ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna, kuma akwai sauran mutane a cikin binciken. In an kammala za ta kira shi da kanta.

A wannan zaman jiran ne ya fara wani abu da tela bai gane ba. Ya sauko da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, daga kanta, ya haɗa ta da 'yan tarkace, yana neman ya fitar da ƙarar da ya ji. Ta taso, ta hau, ta tsaya, ta yanke. In babu mai gyara sai ya kunna, ya fita waje, ya ja ƙofar shagon, ya jingina da bango ya saurara ta bayan ƙofa. Ya koma ya canza wani abu, ya sake fitowa.

“Kunne, wai me kake kira da wannan kukan? Kyanwa ce ta maƙale?”

“Gwaji nake.”

“Na wa?”

“Nawa.”

Tela ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskarsa, ya koma kan kekensa. Daga ranar, in ƙarar ta taso sai ya daina taka keken har ta yanke.

Shekara ta zagayo ta wuce kafin likita ta kira. Ya gaya wa matarsa, ya tambaye ta ko za ta je. Ta ce ya je ya dawo.

Aka ce ya jira a baranda ɗaya da ta wancan karon. An canza kujerun. Ƙofar mai ganye biyu tana nan, ɗakin a rufe, ba kowa a ciki. Bai matsa kusa ba.

Likita ta shigar da shi ofis, ta rufe ƙofa, ta bar teburinta ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa.

“Baba, kana da damar ka sani, kana kuma da damar ka ce ba ka so. Wasu iyayen sun ce a bar shi.”

“Ki faɗa, 'yata.”

“Ba a yi mata ba. Tana cikin rukunin da aka zura wa bututu kawai.”

Ya gyaɗa kai. Ya dubi hannayensa, da tabon ƙunar dalma a kan babban yatsa.

“Na ji injin,” ya ce. “Ina bakin ƙofa. Yana ja.”

Likita ta dube shi.

“Ashe kai ne ka gaya mata. Ta taɓa ce min ta san rukuninta, na ɗauka wasa take.” Ta gyara gilashinta. “Maganin gyangyaɗin ba ya kai kowa barci sosai, wasu suna ɗan ji ta bayan waƙar. Don haka aka naɗi ƙarar injin yana aiki. In kwamfuta ta ce kada a yi, sai a kunna naɗin a lasifika, a jira daidai tsawon lokacin da aikin yake ci. An yi haka ne saboda wanda yake kwance. Ba mu yi tunanin na waje ba.”

“Lasifika,” ya ce.

“E.”

“Zan iya ganinta?”

Ta tashi ta fita. Ta dawo da wata 'yar baƙar lasifika, wadda ba ta fi bulo ɗaya girma ba, da wayarta a naɗe a jiki. Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ta, ya duba bayanta, ya duba sukurorin. Irinta ya gyara ba adadi. Akwai biyu ma a kan kantarsa ta hagu, masu su ba su dawo ba. Ya miƙa mata.

“Benen ne ya kashe ta?”

“Ba zan iya ce maka e ba, Baba, ba zan iya ce maka a'a ba. Ciwon yana yin haka. Mun rasa waɗanda suke zaune a gida ba sa ɗaga ko kofi. Cikin waɗanda aka yi wa aikin ma mun rasa wasu. Hawan bene nauyi ne a kan irin zuciyarta, wannan gaskiya ne. Da ba ta hau ba, ko za ta kai yau, wannan ban sani ba.”

“Sauƙin da ta samu fa?”

“Tafiyarta ta ƙaru, mun auna mun gani. Awon zuciyar bai canza ba.”

“Aikin yana amfani?”

“Ga wasu, da alama. Za a ci gaba da dubawa.”

Ya yi mata godiya, ya tambayi lafiyar iyalinta, ya fito. A mota ya zauna kusa da taga. Wani yana sauraron labarai a waya, lasifikar wayar ta fashe tana ziza. Ya ji, ya mayar da ido kan hanya.

Ya sami matarsa a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma. A hanya ya yi tunanin yadda zai fara, amma da ya zauna sai ya faɗa yadda aka faɗa masa. Ba a yi mata ba. Abin da ya ji naɗi ne aka kunna a lasifika. Likita ba ta san ko benen ne ba.

Hannunta bai tsaya ba. Ta ture ɗan dutse gefe, ta jawo wani ɓangaren shinkafar.

“Lasifika,” ta ce.

“Ƙarama. Irin ta kan kantata.”

Ta ci gaba da tsincewa har ta kai ƙarshen farantin. Ya jira. Duk abin da za ta faɗa ya riga ya faɗa wa kansa, yana so ne kawai ya ji shi da muryar wani.

“Ranar da za ta koma makaranta,” in ji ta, “ni na goge mata kaya. Ta ce shuɗin take so, na ce ya yi mata yawa yanzu, na rage masa a ƙugu da allura. Ina yi tana waƙa.” Ta karkaɗe farantin. “Ka wanke hannu. Abinci zai ɗan jima.”

Ta tashi ta shiga kicin. Ya zauna yana jin ruwa yana zuba a tukunya.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum. Ya share gaba, ya kwance haɗin da ya yi wa tsohuwar amfilifayar, ya naɗe wayoyin, ya mayar da ita kan kanta. Da hantsi wata mata ta kawo rediyo, ta ce yana kamawa yana saki, kuma an gaya mata a layin nan akwai mai gane ciwon rediyo da ji. Ta ajiye, ta ja baya, ta yi shiru tun kafin a ce ta yi.

Bai jona ba. Ya ɗauki sukudireba ya kwance murfin, ya jera sukurorin a murfin gwangwani. Ya jawo aljihun tebur ya fito da mita, ya hure ƙurar, ya murɗa. Allurar ba ta motsa ba. Ya leƙa shagon tela.

“Maƙwabci, kana da batiri? Ƙarami.”

Tela ya dubi mitar, ya dubi matar da take jira.

“Ba za ka saurara ba?”

“Zan auna.”

Tela ya tashi ya sauko da agogon bangonsa, ya cire batirin, ya miƙa masa. Kunne ya sa, allurar ta motsa. Ya ce wa matar ta zauna, zai ɗan ɗauki lokaci. Ta waiga tana neman wurin zama, sai ta ga tsohuwar lasifikar a gefen ƙofa. Ya ce mata ba nan ba, ya tura mata tasa kujerar, ya yi aikin a tsaye.